Kano zuwa Jidda da Kano zuwa Saint Helena: nisa kusan ɗaya, me ya raba lokacin tafiya?

Wani matashi mai sayar da tikitin jirgi a nan Kano ya aiko da tambaya: "Ranka ya daɗe, na auna a taswirar waya na ga daga Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne. Daga Kano zuwa tsibirin Saint Helena kuwa, inda Turawan Ingila suka tsare Napoleon, bai wuce 3,500 ba. To Jidda awa biyar ake yi, amma da na nemi tikitin tsibirin sai na ga tafiyar kwana biyu ce ko fiye. Yaya ake lissafin lokacin tafiya tsakanin filayen jirgi biyu, musamman irin waɗanda ke can nesa da kowa?"

Ƙanena, awonka daidai ne, kuma na ji daɗin tambayar, domin aikin da na daɗe ina yi ke nan: shirya wa jirgi hanya da lissafa masa mai kafin matuƙi ya sa hannu. Adadin da wayarka ta ba ka shi ne mafi gajeren nisa a bayan ƙasa. Idan kana so ka gan shi da idonka, nemi ƙwallon taswirar duniya irin ta makarantun sakandare, ka ɗora bakin zare a kan Kano, ka ja shi ya miƙe zuwa Jidda. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya, mu a wurin aiki muna ce mata babbar da'ira. A shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ka gan ta a lanƙwashe, saboda duniya ba shimfiɗe take ba. Kewayenta ta tsakiya kilomita 40,075 ne, kuma kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne. Ka kuma lura da ma'auni, domin takardun jirgi da mil na teku suke aiki, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Kano zuwa Jidda wajen mil 1,850 ke nan. Mutane da yawa kan ga wannan adadi su ɗauka kilomita ne, lissafinsu ya rushe tun daga tushe.

Daga nisa zuwa lokaci akwai ɗan lissafin kai da za ka riƙe a shagonka. Raba kilomitocin da 800, sannan ka ƙara rabin awa. Gwada shi da hanyoyin da ka sani. Kano zuwa Abuja ta sama wajen kilomita 365 ce, rabawa ta ba ka minti 27, da ƙarin rabin awa ka kusa awa ɗaya, kuma abin da kake gani a tikiti ke nan. Kano zuwa Legas wajen kilomita 830, lissafi ya ba ka awa ɗaya da rabi. Kano zuwa Jidda, awa huɗu da minti arba'in da wani abu. Ka ga Legas ta ninka Abuja nisa fiye da sau biyu, amma lokacinta bai ninka ba. Dalili shi ne rabin awar nan tana nan daram ko tafiya gajeriya ce ko doguwa: turo jirgi baya daga inda ya tsaya, tafiya a ƙasa zuwa bakin titin tashi, jiran izinin hasumiya, hawa sama, sannan gangarowa da jeruwa a layin sauka. A ƙasa da ƙafa 10,000 ma ƙa'ida ta taƙaita gudu zuwa wajen kilomita 460 a awa. Sai jirgi ya kai can sama, ƙafa 35,000 ko kusa da haka, yake sakin gudunsa. Boeing 737 da Airbus A320 kan yi wajen kilomita 830 a awa, Boeing 787 ya kusa 900, mai farfela irin ATR 72 kuwa wajen 500 ne, don haka shi lissafin 800 bai shafe shi ba.

Lokacin da ke jikin tikiti daga motsawar jirgi ne a wurin tsayawarsa zuwa tsayawarsa a can, kuma kamfanoni kan ɗan ƙara mintoci don kada a riƙa rubuta musu latti. Sannan kowane lokaci da agogon garinsa ake rubuta shi. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Wanda ya tashi Kano ƙarfe goma na dare ya sauka Jidda ƙarfe biyar na asuba, awa biyar ya yi, ba bakwai ba. Ka riƙa yi wa masu zuwa Umara wannan bayani, musamman dattawa masu shan magani a kan lokaci.

Sai iska. Jirgi a cikin iska yake iyo, kuma ita kanta iskar tafiya take yi. Can sama akwai magudanan iska masu ƙarfi da kan wuce gudun kilomita 200 a awa, galibinsu daga yamma suke tahowa su nufi gabas. Shi ya sa a watan Fabrairun 2020 wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi a fiye da awa shida. A hanyarmu ta Jidda abin yana bin yanayin shekara. Da hunturu, lokacin da iskar da muke ji a ƙasa ke kaɗowa daga arewa maso gabas da ƙurarta, can sama iskar yamma ce ke da ƙarfi, sai tafiya ta yi sauri dawowa ta yi nauyi. Da damina ta kankama, wajen Yuli da Agusta, wata iskar gabas ce ke mamaye saman yankinmu, sai lamarin ya juya. Kuma kada ka ce ai abin da aka rasa a zuwa za a maido shi a dawowa. Ɗauki kilomita 3,400 da gudun 850. Ba iska, awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa, takwas ke nan. Sa iska mai gudun 150: zuwa ya koma awa 3 da minti 24, dawowa awa 4 da minti 51. Jimla awa takwas da kwata. Jirgi ya fi daɗewa a ɓangaren da iska ke dukan gabansa, don haka asarar kullum ta fi ribar.

Hanyar ma ba lallai ta bi zaren nan naka ba. Sama tana da tituna da mahaɗu masu sunaye, kuma kowace ƙasa ita ke da iko da samanta. Duk sararin samaniyar Nijeriya ma a takardun jiragen duniya da sunan Kano aka san shi. Miƙaƙƙiyar hanyar Jidda ta kan Chadi da Sudan take bi ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe samanta, dole jirage suka riƙa zagaye, maniyyatan wannan shekara sun ji a jikinsu ta tsawon zama a kujera da ta kuɗi. Kano ba ta matsa ba, Jidda ba ta matsa ba, amma tafiya ta ƙaru.

Duk waɗannan sun shafi kowace tafiya. Abin da ya raba Jidda da Saint Helena shi ne tambayar da ba a barin jirgi ya tashi sai an amsa ta: idan ya isa can ya tarar ba ya iya sauka, ina zai nufa?

Bari in nuna maka takardar da muke miƙa wa kyaftin. A samanta akwai layuka na mai, kowane da nauyinsa a kilo da mintocin da zai ɗauka. Layin farko man tafiya a ƙasa. Na biyu man tafiyar kanta. Na uku ƙarin kashi biyar cikin ɗari na man tafiya, saboda iska na iya saɓa wa hasashe. Na huɗu man da zai kai shi filin ko-ta-kwana idan filin da ya nufa ya ƙi. Na biyar man shawagin minti 30, wanda ba a taɓa shi sai rai ya zo wuya. Kyaftin zai bi layukan da bakin biro ɗaya bayan ɗaya, ya juya shafin hasashen yanayi, wani lokaci ya ɗago kai ya ce a ƙara masa tan ɗaya don bai yarda da hazon da ake hasashe ba, sannan ya sa hannu. Wanda ya taɓa kwana a filin jirgin Malam Aminu Kano a watan Disamba ko Janairu ya san dalilin wannan taka-tsantsan. Sai gari ya waye ƙura ta rufe ko'ina, daga tagar ofis ba ka hango ƙarshen titin jirgi, jirgin da ya taso daga Legas ya yi ta kewaya sama, ƙarshe ya juya Abuja. Sauƙin da muke da shi a nan shi ne Abuja na kusa, ga Kaduna, ga Katsina. Jidda ma haka, ga Madina ga Ɗa'ifa. Layi na huɗun nan ba ya cin mai da yawa.

Saint Helena kuwa dutse ne guda a tsakiyar kudancin Tekun Atlantika, mutanensa ba su kai 5,000 ba. Gaɓar Afirka mafi kusa tana nesa da shi da wajen kilomita 1,900. Filin jirgi mafi kusa shi ne na tsibirin Ascension, wajen kilomita 1,300 arewa maso yamma, kuma shi ma filin soja ne a wani tsibirin da ke shi kaɗai. Tsakanin tsibiran biyu kusan awa biyu ce a jirgi, ba komai a ƙasa sai ruwa. Irin wannan fili dokar jiragen sama ta duniya ta ware masa hukunci na daban: jirgin da ba shi da filin ko-ta-kwana dole ya isa saman tsibirin da man da zai ishe shi ƙarin awa biyu. Kuma a kan hanya akwai wani wuri da muke lissafawa mu sa masa alama a takarda, wurin da idan jirgi ya wuce shi man komawa baya ya ƙare masa. Kafin ya kai nan kyaftin zai nemi sabon rahoton yanayin tsibirin. In ya yi kyau ya ci gaba, in bai yi ba ya juya. Ban san wata shawara a aikin tuƙi da ta fi wannan nauyi ba, kuma ina girmama duk matuƙin da ya juya da fasinja cike da jirgi don bai gamsu ba.

Mai kuma nauyi ne. Duk kilon man da aka ƙara, an rage kilon fasinja ko kaya. Da babban jirgi ne da sai a ce ba komai, to amma titin jirgin Saint Helena mita 1,950 ne kacal, alhali babban titin Kano ya kai mita 3,300. An gina shi a kan tudu mai tsawon wajen mita 300 daga teku, gefensa gangare ne a tsaye, duwatsu na karya iska su juya ta. Da aka kammala filin a 2016, jirgin gwaji ƙirar Boeing 737-800 ya gamu da iskar da ke sauya ƙarfi da alƙibla farat ɗaya daf da sauka, sai aka ɗage fara jigila. Sai a watan Oktoban 2017 kamfanin Airlink na Afirka ta Kudu ya fara zuwa daga birnin Johannesburg da ƙaramin jirgi Embraer E190, kuma ba a cika dukkan kujerunsa. Kafin nan jirgin ruwa ne kaɗai hanya, kwana biyar daga Cape Town.

Daga Johannesburg zuwa tsibirin wajen kilomita 3,680 ne. Lissafinmu na kai zai ce awa biyar da 'yan mintoci. Amma zuwa kan ɗauki fiye da awa shida, domin jirgin yana sauka a Namibiya, a Walvis Bay da ke bakin teku, ya cika tankinsa kafin ya shiga ruwa. Johannesburg tana kan tudu mai tsawon wajen mita 1,700, iskar can ba ta da kauri, jirgi ba ya iya tashi da nauyin da zai ɗauka a bakin teku. Mu ma muna ganin ɗan wannan a Kano a watan Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40, sai a rage kaya ko a jira sanyin dare. Dawowa daga tsibirin kuwa kai tsaye ake yi, ƙasa da awa biyar, saboda iska na bayansa kuma yana nufar ƙasa mai filaye birjik. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, fiye da awa guda tsakanin zuwa da dawowa.

Akwai wata doka kuma da ke lanƙwasa hanya a kan teku. Jirgi mai inji biyu, a asali, ba a yarda ya yi nisa da filin da zai iya sauka fiye da tafiyar minti 60 da inji ɗaya ba. A 1985 aka fara ba da izini na musamman da ake kira ETOPS, aka kai shi minti 120, daga baya 180. A 2014 Boeing 787 ya samu izinin minti 330, Airbus A350 kuma 370. Izinin ba na ƙirar jirgi kaɗai ba ne, sai kamfanin ma ya nuna yadda yake kula da injinansa da horar da ma'aikatansa. Jirgin da izininsa gajere ne dole ya raɓi gaɓa ko ya bi ta kusa da tsibirai, hanyarsa ta ƙaru. Idan da za a miƙe daga Kano zuwa Saint Helena, da zarar an bar gaɓar kudancin Nijeriya fiye da kilomita 2,500 ne na ruwa zalla.

Don ka ga cewa kaɗaici ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, dubi tsibirin Easter na ƙasar Chile a Tekun Fasifik. Filinsa, Mataveri, shi ake ɗauka mafi nisa da kowane fili a duniya. Daga Santiago kilomita 3,759 ne, kusan nisan da muke magana a kai. Amma titinsa ya wuce mita 3,300, domin a shekarun 1980 Amurka ta tsawaita shi ya zama wurin saukar gaggawa ga kumbonta na sama jannati. Saboda haka Boeing 787 na kamfanin LATAM ke zuwa kai tsaye, wajen awa biyar da rabi zuwa, awa huɗu da rabi ko ɗan fiye dawowa. Sai dai titin guda ɗaya ne tak. Idan jirgi ya lalace a kansa, na bayansa ba shi da wurin sauka. Don haka hukumomin Chile ba sa barin jirgi na biyu ya wuce tsakiyar hanya sai na farko ya sauka lafiya. Wannan ma lokaci ne da ba za ka gan shi a taswira ba.

Yanzu koma kan tikitin da ka gani. Ba jirgin da ke zuwa tsibirin daga Kano ko daga Legas, domin ba fasinjan da zai cika shi. Dole mutum ya yi Legas, kilomita 830, daga nan Johannesburg, wajen 4,500, kusan awa shida, sannan ya juyo arewa maso yamma 3,680. Jimla ta haura kilomita 9,000, don isa wurin da bai wuce 3,500 ba. Zaman cikin jirgi duka bai fi awa goma sha huɗu ba. Sauran jira ne, domin jirgin tsibirin da safe yake tashi, kuma galibi sau ɗaya ne a mako, ranar Asabar, sai a lokacin baƙi a ƙara na tsakiyar mako. Kamar motar ƙauyen da ba ta lodi sai ranar kasuwa: ƙauyen na iya fin Zariya kusa, amma wanda ya nufi Zariya daga Unguwa Uku zai je ya dawo kai kana nan kana jira.

Mu Kanawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, don garinmu ya daɗe yana cin moriyarsa. Jiragen farko da suka zo Nijeriya sun iso Kano ranar 1 ga Nuwamban 1925, guda uku na sojan saman Ingila ƙarƙashin Arthur Coningham. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso a ƙarshen Oktoba, suka bi Kogin Nilu zuwa Sudan, suka yanko yamma ta Chadi suna sauka suna shan mai, tafiyar kusan mako guda. Nisan Alƙahira da Kano a miƙe wajen kilomita 3,100 ne, yau awa huɗu da wani abu. Bayan nan shekaru da dama jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka a Kano suke yada zango, domin bayan tsallake Sahara ba su da sauran mai. Abin da Walvis Bay ke yi wa Saint Helena yau, shi Kano ta yi wa rabin nahiyar nan.

Idan wani ya zo shagonka da irin wannan tafiya, fara da ranar da jirgin ƙarshe ke tashi, ka gina sauran tikitin a baya-baya daga nan. Ka sa shi ya kwana a Johannesburg kafin ranar, kada ka haɗa masa sauka da tashi a safiya ɗaya, kuma tunda zai fita daga fili ya kwana, ka duba masa bizar Afirka ta Kudu da wuri. A dawowa ka bar masa tazarar kwana biyu ko uku kafin jirgin Legas, ko ka saya masa tikitin da ake iya sauya wa rana, domin hazo ko iska na iya hana jirgi zuwa tsibirin, kuma wanda zai maye gurbinsa ba gobe da safe yake zuwa ba. Hukumomin tsibirin suna neman shaidar inshorar lafiya da ta haɗa da kwashe majiyyaci ta jirgi, ka gaya masa tun kafin ya biya kuɗi. Agogon Saint Helena kuma yana bayan namu da awa ɗaya, yana bayan na Johannesburg da awa biyu, don haka idan ka ga tashi ƙarfe tara na safe da sauka ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci na rana, ka ƙara awa biyu kafin ka faɗa masa tsawon zamansa a jirgi.